Hotunan dawaki suna fita dishi-dishi: in sayi sabon gilashi ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗaukar hoto ce sana'ata a Kano. Na sayi gilashin jawo nesa kusa, Canon 75-300mm, na ɗaura kan kyamarata 600D don in ɗauki mahaya a Hawan Daushe in sayar musu. Fiye da rabin hotunan sun fito dishi-dishi, wasu masu dawakin suka ƙi karɓa. Abokan sana'a sun ce in sayar da shi in sayi mai tsada, ga shi jarina bai taka kara ya karya ba. Mene ne shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, dakata da sayarwa tukuna. Mai yiwuwa gilashin ba shi da laifin da ake ɗora masa, kuma in ka sayar cikin gaggawa faɗuwa biyu za ka yi: ka sayar da araha, ka sayi wani da tsada, hoton kuma yana nan jiya i yau.

Fara da buɗe hotunan da aka ƙi a kwamfuta, ka zuƙo su sosai. In komai ya gauraye, doki da katangar da ke bayansa, gefen rawani ya zama biyu-biyu, to hannunka ne ya motsa. In katanga ta fito tas amma doki ya shafe, gudun dokin ne ya fi saurin shota (wato saurin buɗewa da rufewar kyamara lokacin ɗauka), ko kuma saitin ido, wanda ke zaɓar abin da zai fito tas, ya kama bango ya bar mahayi. Kowanne da maganinsa.

Dogon gilashi yadda yake jawo mahayi kusa, haka yake ƙara girman rawar hannu. Ƙa'idar masu sana'a ita ce kada lambar saurin shota ta gaza tsawon gilashin. Amma 600D tana ninka tsawon sau 1.6, don haka 300mm ɗinka kamar 480mm ne, mafi ƙarancin saurin da za ka sa shi ne 1/500 na daƙiƙa. Wannan na rawar hannu ne kawai. Dokin da ya zabura ana jahi sai 1/1000, in da hali 1/2000. Juya maɓallin saman kyamara zuwa Tv ka zaɓi saurin da kanka. In ka bar ta a kan koren akwatin nan, alamar otomatik, ita ke zaɓa, kuma Hawan Daushe na yamma ne: rana na yin sanyi za ta rage saurin ba tare da ta shawarce ka ba.

Saurin shota haske yake ci, sai ka rama da ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske. Da rana tsaka ISO 400 ya wadatar. Bayan la'asar sakaliya kai shi 800, har 1600. Kada tsaki-tsakin da yake kawowa ya ba ka tsoro. Mahayi zai biya hoton da ya ɗan yi yashi muddin fuskarsa da adon sirdinsa sun fito. Wanda ya shafe ko kyauta ba ya so.

Sa saitin ido a AI Servo, wanda ke bin abin da ke motsi, ka zaɓi ɗigon tsakiya shi kaɗai, ka ɗora shi a ƙirjin mahayi kana bin sa. Kunna ɗauka a jere, ka danna uku ko huɗu. Na tsakiya sau da yawa shi ya fi fita, domin girgizar danna maɓalli ta wuce. Tafin hagu a ƙarƙashin gilashi, gwiwoyin hannu manne da haƙarƙari, ido a ramin leƙe. Ɗauka ta allon baya da hannu a miƙe ita ce babbar mai ɓata hoto. Wannan gilashin kuma yana rage kaifi in an wuce 200mm, don haka gara ka matsa kusa ka tsaya a 200, ka yanke hoton daga baya. Ƙurar kofato ma tana dushe abin da ke nesa, babu gilashin da zai share ta.

Sai batun kuɗi. Abin da ya cancanci ka fara saya shi ne sandar ɗora kyamara mai ƙafa ɗaya. Kuɗinta kaɗan ne in aka gwada da na gilashi, kuma tana shiga cunkoson Ƙofar Kudu inda mai ƙafa uku ba ta da wurin tsayawa. Gilashi mai hana girgiza, wanda Canon ke rubuta wa IS, Nikon kuma VR, rawar hannu kawai yake ragewa, ba ya tsayar da doki. Amfaninsa ya fi fitowa a biki, inda ango da amarya ke tsaye cak. In biki ya fi yawa a aikinka, 55-250mm IS na hannu zai yi maka; haska fitilar waya ta cikinsa ka duba ko akwai fumfuna kafin ka biya.

Shi kuwa 70-200mm f/2.8 da ake kwaɗaita maka, gaskiya hasken da yake shigarwa ya ninka na gilashinka a 300mm, wato f/5.6, sau huɗu. Amma ɗauki biro ka raba kuɗinsa da ribar da kake samu a hoto ɗaya, ka ga mahaya nawa za ka ɗauka kafin ya mayar da kansa, alhali hawa sau biyu ne a shekara. Karɓi haya na kwanakin Sallah a wurin abokin sana'a, ka zuba kuɗin hayar cikin farashin hoto. Kafin nan, je filin ƙwallon unguwa da yamma ka gwada wannan saitin a kan 'yan wasa, ka ƙirga nawa suka fito tas cikin hamsin.