Raunin da ke ruɓar da naman dabba cikin kwana biyu

Tambaya: Wani makiyayi ya ce waya ta yanki ɗan bijiminsa a cinya, washegari wurin ya kumbura, dabbar ta daina cin abinci, kafin kwana biyu ta mutu. Yana son sanin abin da ya kashe ta da yadda zai kare sauran.

Amsa: Malam, alamun da ka bayyana sun fi kama da aikin ƙwayoyin cuta na dangin Clostridium, waɗanda ke iya kwanciya shekara da shekaru a cikin ƙasa. Ba sa yaɗuwa sai inda babu iskar oksijin, shi ya sa rauni mai zurfi da ƙaramin baki ya fi hatsari a kan wanda ya buɗe yana zubar da jini. Da sun samu irin wannan wuri sai su saki guba mai kashe tsoka, suna kuma fitar da iska a ƙarƙashin fata. Idan ka danna kumburin za ka ji yana ƙaras-ƙaras kamar busasshen ganye. Da fari yana da zafi, daga baya ya yi sanyi, naman ciki ya yi baƙi yana wari. Clostridium septicum ce ta fi shiga ta rauni, ita kuwa Clostridium chauvoei, mai haddasa cutar harbin daji, takan kama shanu masu wata 6 zuwa shekara 2 ko ba rauni, kuma abin takaici, masu ƙiba ta fi ɗauka.

Magani yana tasiri ne kawai idan likitan dabbobi ya zo da wuri ya buɗe raunin, ya yanke mataccen nama, ya ba da allurar fenisilin mai yawa. A ganina rigakafi ne abin dogaro: allura biyu da tazarar kimanin mako 4, sannan a maimaita kowace shekara, musamman kafin dandaƙa ko lokacin haihuwa.

Kada a feɗe mushen, kada kuma a ja shi a ƙasa. A ƙone shi ko a binne shi da zurfi. Kai ma idan fartanya ta sare ka, ciwon ya zarce girman raunin kuma kumburi na ci gaba, ka tafi asibiti a ranar, domin Clostridium perfringens tana yi wa mutum irin wannan ɓarna.