Ga mai shirin tasowa daga Katsina zuwa Jos

Ɗan'uwa, ka ce an yi maka canjin wurin aiki zuwa Jos, kana tambayar yadda mutanen gari ke karɓar baƙo.

A mu'amalar yau da kullum kwantar da hankalinka. Hausa ce harshen kasuwa a nan, Birom da Anaguta da Jarawa duk suna jin ta. Shiga kasuwar Farin Gada sayen kabeji da dankalin Turawa, mai kayan za ta yi maka gyara, ba ruwanta da garinku.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin zama. Tun rikicin 2001, da na 2008 da 2010, unguwanni da yawa suka rabu bisa addini. Musulmi sun fi yawa a Unguwar Rogo da Gangare, Kiristoci a Unguwar Rukuba da Tudun Wada. Wallahi abin yana ci mini rai, amma haka yake. Kada arahar haya ta ruɗe ka ka biya dillali kafin ka shawarci abokan aikinka da suka daɗe a garin. In ka tare, je ka gai da mai unguwa, ka riƙa zuwa suna da ta'aziyyar maƙwabta ko da addininku ba ɗaya ba.

Gardamar su wa ke da Jos kuwa, kada ka tsoma baki a majalisa. Ciwo ne da bai warke ba.

Takardar shaidar asali ta yara, ka karɓo ta daga ƙaramar hukumarku ta Katsina tun kafin ka taso. Fili kuma kada ka saya sai lauya ya bincika takardunsa a ma'aikatar filaye.