Ajiye hatsi sai ya yi tsada, zunubi ne? Ga tawa amsa

Salama ƙanena. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, cewa ka samu ɗan jari kana son sayen masara da dawa yanzu da kaka ka ajiye sai damina, amma wani dattijon ikkilisiyarku ya ce maka wannan ɓoye abinci ne, bai kamaci mai bi ba. Bari in ba ka abin da na gani, don ni nan Zuru na yi sama da shekara 20 cikin hatsi, ina bin kasuwannin Ribah da Bena da Mahuta tun lokacin da hanya na da lafiya.

Dattijon nan bai yi ƙarya ba fa, ayar tana nan, Karin Magana 11:26, mai ɓoye hatsi mutane za su la'anta shi, mai fito da shi ya sayar albarka na bisa kansa. Amma Littafi Mai Tsarkin nan dai shi ya ba mu labarin Yusufu a Farawa 41, wanda ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gonar Masar har shekara 7, da yunwa ta zo ya buɗe rumbuna. In ba wanda ya ajiye da kaka, me za a ci watan Yuli da Agusta? Manomi yana gama sussuka yake kai kasuwa saboda kuɗin makaranta da bashin taki da hidimar Kirsimeti, dole wani ya riƙe hatsin nan. Kai da ka biya hayar sito, ka sayi buhu, ka biya 'yan dako, kuɗinka ya kwanta wata 6 ko 7, ribarka halal ce, kada wani ya sa ka jin kunya.

Inda ni na faɗi ba wajen ajiyar ba ne. Wata shekara na cika sito da dawa, farashi na ta hawa, sai ruwa ya yi jinkiri. Ran Lahadi fasto ya ce mu tashi mu roƙi ruwa, kowa ya tashi, ni ma na tashi, bakina na motsi amma gaskiya cikin raina lissafi nake, in ruwan ya ƙara sati 2 buhu zai kai nawa. Da munka fito hadari ya haɗu, mata na ta murna, ni kuwa sai na ji gabana ya faɗi. A satin nan wata gwauruwa 'yar zumuntar mata, wadda mijinta tare munka yi baftisma, ta zo neman tiya 3, na ce mata ban buɗe ba tukuna. Ta ce to Baba, Allah shi kai mu, ta juya. Matata ce ta auna mata daga na gida ba da sanina ba, da dare ta tambaye ni wai sai wa ya mutu za ni buɗe. Ban iya cin tuwo ba ranan nan.

Tun daga nan na sa wa kaina ƙa'ida, kuma ba fasto ya ba ni ba. Ranar da na zuba kaya nake rubuta farashin da in ya kai zan sayar, bayan na lissafa duk abin da na kashe da riba mai kyau, in nuna wa matata ta zama shaida. Ya kai, in buɗe, ko da kowa na cewa jira zai ƙara. Kuma ina ware 'yan buhuna na awo da tiya, don talaka ba ya sayen buhu. Abokan kasuwa sun sha yi min dariya, musamman bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da kaya sunka yi ta tashi kamar ba za su sauko ba. To a 2025 da farashi ya karye, na san waɗanda sunka riƙe kaya har sunka sayar ƙasa da yadda sunka saya. Ba ina cewa Allah ya hukunta su ba ne, ni ma akwai shekarun da na yi asara ina cikin gaskiyata, kasuwa ce.

Sai abin da ba ka tambaya ba amma shi ya fi ba ni tsoro. Karanta Amos 8:5-6, kamar annabin ya zauna kasuwarmu: ƙaramin mudu wajen sayarwa, awo na algus, har sharar hatsi a haɗa a sayar. Yau ma haka ne, tiyar saye daban ta sayarwa daban an bubbuge gindinta, mai kyau a bakin buhu ƙaiƙayi da tsakuwa a ƙasa. Da kuma zuba fiya-fiya cikin wake don kada ƙwari su ci, irin maganin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, mu ko yaranmu ke ci. Sayi buhun PICS mai leda biyu a ciki, ya fi tsada amma ba ruwanka da guba, ka dai tabbatar hatsin ya bushe ƙayau kafin ka ɗaure. Kuma don Allah kada ka ba manomi kuɗi da damina yana cikin matsi ka ce ya biya ka da buhu a rabin farashi, ko da ya yarda, yunwa ce ta yarda ba shi ba.

Yawancin masu kawo min kaya Musulmi ne, akwai wani Alhaji da ke aiko da mota ba ya ma zuwa, ya ce awona ya ishe shi. Ban taɓa yi masa wa'azi ba.

Ka koma wurin dattijon nan da ladabi ka nuna masa lissafinka, ina jin irin waɗannan abubuwan da na faɗa maka ne yake tsoro. Kuma kada ka zuba jarinka duka a masara, raba da dawa, ita ta fi jure ajiya. Ka sa katako ƙarƙashin buhunan kada su taɓa siminti, ka bar tazara da bango, ɓeraye da laima sun fi faɗuwar farashi cin jarin sabon shiga.