Amsa kan taimaka wa ɗaliban Sin da karatun Ingilishi kafin jarrabawar CET-4

Assalamu alaikum Malam. Na karanta tambayarka, inda ka ce wasu ɗalibai Sinawa na sashenku sun roƙe ka ka riƙa zama da su da yamma kana taimaka musu da ɓangaren karatu da fahimta na jarrabawar CET-4, wato jarrabawar Ingilishi ta ɗaliban jami'o'in ƙasar Sin, da za su rubuta a watan Disamba, kuma abin da ya ɗaure maka kai shi ne sun haddace dubban kalmomi amma makinsu ya ƙi tashi. Na yi irin wannan zama da ɗalibai a shekarun da na yi ina karatu a birnin Wuhan na ƙasar Sin, don haka zan faɗa maka abin da na gani da idona, Allah Ya sa ya amfane ka.

Da farko ya kamata ka san jarrabawar kanta, domin su ɗaliban sun san ta ciki da waje, kuma ba za su saki jiki da kai ba idan suka ga ba ka san ta ba. An fara CET-4 a shekarar 1987, ana yin ta sau biyu a shekara, a Yuni da Disamba, kuma jimillar makinta 710 ne. Maki 425 shi ne wanda kowa ke hari, saboda sai da shi ɗalibi zai iya yin rajistar CET-6, wato matakin da ke gaba da ita, kuma masu ɗaukar ma'aikata da yawa suna duba shi. Ɓangaren karatu yana da kashi 35 cikin 100 na makin, an kuma ware masa minti 40. A cikinsa akwai gajeren rubutu mai gurabe 10 da za a cike daga kalmomi 15, da dogon rubutu mai kusan kalmomi 1,000 wanda ake haɗa jimloli 10 da sakin layin da kowace ta fito, tsarin da aka shigo da shi a Disamba 2013, sai kuma rubutu biyu na karatun natsuwa, kowanne da tambayoyi 5. Idan ka haɗa su duka, ɗalibi zai karanta kalmomi kusan 1,900 ban da tambayoyin, cikin minti 40.

Wannan lissafin shi ne ya nuna mini inda ciwon yake. Yawancin ɗaliban da na zauna da su ba ƙarancin kalmomi ke kayar da su ba. Sun fito daga jarrabawar shiga jami'a, wato Gaokao, da kalmomi sama da 3,000 a kansu, kuma za ka gan su a layin abinci suna ƙara haddar wasu a manhajojin waya irin su Baicizhan da Shanbay. Matsalar ita ce yadda suka saba karatu tun daga sakandare: kowace jimla sai sun mayar da ita Sinanci a zuciyarsu kafin su yarda sun fahimce ta. Wanda yake haka aiki biyu yake yi a lokacin da aka ba shi na aiki ɗaya, kuma idan jimlar ta yi tsawo, kafin ya kai ƙarshenta ya manta farkonta, sai ya koma ya sake.

Akwai dalilin da ya sa doguwar jimla ke ba su wahala, kuma mu Hausawa ba ma saurin lura da shi, domin a wannan wajen Hausa da Ingilishi hanyarsu ɗaya. Mu muna cewa "mutumin da ya zo jiya", mu ambaci mutumin tukuna sannan bayaninsa ya biyo baya, haka ma Bature yake yi. Basine kuwa bayanin yake fara kawowa, komai tsawonsa, sannan sunan ya zo a ƙarshe. Saboda haka idan ya tarar da jimlar Ingilishi mai bayani cikin bayani, ƙwaƙwalwarsa tana ƙoƙarin juya ta baya, tana ɗauko wutsiya ta kai gaba. Bugu da ƙari, aikatau a Sinanci ba ya canja siffa don nuna lokaci, shi ya sa a cikin jimla mai kalmomin aiki huɗu ko biyar sukan kasa gane wanne ne ainihin aikatau ɗin da jimlar ta rataya a kansa. Idan ba ka gane wannan ba, za ka riƙa ganin kamar ba sa mai da hankali, alhali kuwa iyakar ƙoƙarinsu suke yi.

Abin da ya fi amfani a zamanmu shi ne na ware farkon kowane zama ga jimla ɗaya ko biyu kacal, dogaye, waɗanda na ciro daga tsofaffin takardun jarrabawa. Nakan hana fassara gaba ɗaya. Abin da nake nema shi ne ɗalibi ya ja layi ƙarƙashin mai aikin da kuma babban aikatau, ya raba sauran jimlar gunduwa-gunduwa, sannan ya karanta daga hagu zuwa dama ba tare da komawa baya ba, yana tambayar kansa a kowace gunduwa: wane ne, me ya yi, ga wa, saboda me. Bayan haka ya rufe takardar ya faɗa mini ma'anar da Ingilishinsa mai sauƙi. Da farko suna jin nauyin yin haka ƙwarai, musamman a gaban abokansu, don haka gara ka raba su bibbiyu su faɗa wa juna kafin ka nemi wani ya yi magana a gaban kowa. Ina kuma sa su bi kowane wakilin suna su nuna abin da yake komawa gare shi, su kuma kewaye kalmomin da ke juya magana, irin su however da yet, domin sau da yawa ra'ayin marubuci yana zuwa ne bayansu, kuma a nan masu tsara tambayoyi suka fi ɗana tarko.

Abu na biyu shi ne karatu mai yawa kuma mai sauƙi, kuma a nan ne za ka sha musu da su. Ɗalibin Sin mai himma yana ganin rubutun da bai wahalar da shi ba ɓata lokaci ne, sai ya ɗauko mujallar The Economist ya kwana a kan shafi ɗaya da ƙamus. Binciken Paul Nation, masanin koyon kalmomi na ƙasar New Zealand, ya nuna cewa mai karatu yana buƙatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya karanta shi cikin sauƙi ba tare da taimako ba, wato kalma ɗaya baƙuwa cikin hamsin. Da wannan hujja na shawo kansu, domin suna girmama bincike. Littattafan labarai masu matakai suna nan a ɗakunan karatu na jami'o'i, amma yawancin waɗanda ake bugawa a Sin suna ɗauke da fassarar Sinanci a gefe, don haka ka sa su rufe ta da takarda. Jaridar China Daily ma tana da amfani, saboda sun riga sun san labaran da ke ciki, kuma sanin labarin yana taimaka musu su hasaso ma'anar kalma daga mahallinta. Minti 20 a kullum ya wadatar, su riƙa rubuta yawan kalmomin da suka karanta a minti ɗaya a ƙarshen kowane mako. Ganin adadin yana hawa yana ƙarfafa musu gwiwa fiye da duk wani yabo da za ka yi musu.

Game da tsofaffin takardun jarrabawa, waɗanda suke kira zhenti, ba na ce a guje su ba, amma kada su cinye zaman duka. Na ga ɗalibai suna gama takarda, su duba amsa, su ƙirga maki, su wuce ta gaba, kuma kurakuran da suka yi jiya su ne za su maimaita gobe. Ka sa duk wanda ya faɗi tambaya ya nemo jimlar da amsar take ciki, ya kuma bayyana abin da ya ja shi zuwa zaɓin da ba daidai ba. Sau da yawa za ka tarar zaɓin ya ɗauko kalmomin rubutun ne kai tsaye ya karkatar da ma'anarsu, alhali amsar gaskiya ta faɗi abin da wasu kalmomi dabam. Takarda ɗaya da aka tsefe haka ta fi biyar da aka yi a guje.

Idan ya rage wata ɗaya, sai ku koma aiki da agogo. A ƙiyasi kowace tambaya ta karatun natsuwa tana da maki wajen 14, ta dogon rubutu wajen 7, ta cike gurbi kuwa ba ta kai 4 ba, amma cike gurbin ne ke zuwa farko a takardar, kuma shi ne ke cinye lokacin masu bin tsari yadda aka jera shi. Ni nakan ba su shawara su fara da rubutu biyun nan na karatun natsuwa, su ba su kamar minti 18, su koma dogon rubutun, su bar cike gurbi a ƙarshe. Ka tuna musu cewa bayan ɓangaren sauraro, wanda ke zuwa kafin na karatu, ana karɓe takardar amsa ta farko, sauran minti 70 kuwa na karatu ne da fassara a haɗe, don haka wanda ya zarce a karatu daga lokacin fassararsa yake ci.

Idan a cikinsu akwai masu niyyar rubuta IELTS, wato jarrabawar Ingilishi ta ƙasa da ƙasa, nan gaba, ka ware musu zama na dabam, domin can rubutu uku ne da tambayoyi 40 cikin minti 60, kuma akwai nau'in tambayar da ake bambanta abin da rubutu ya ƙaryata da abin da bai ambata ba sam, wanda CET-4 ta yanzu ba ta horar da su a kansa. Allah Ya ba ka ladan wannan taimako, Ya kuma ba su sa'a.