Ku tambaya mu amsa: Wai gwamnati ta cire hannunta daga kasuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni sana'ata albasa ce, ina lodi daga Marwa zuwa Yawunde da Duwala. Yarona da ke jami'a ya zo hutu yana ta cika min kunne da zancen wasu wai su 'yan libatariyan, wai sun ce haraji ƙwace ne, a bar kasuwa ta yi halinta. Ni dai maganar ta min daɗi, don abin da nake zubarwa a shingayen hanya Allah kaɗai ya sani. Su waye mutanen nan, kuma maganarsu gaskiya ce? Daga Mai Albasa, Marwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Yaronka bai yi ƙarya ba, akwai su. Ra'ayinsu shi ne mutum da guminsa da dukiyarsa nasa ne, aikin gwamnati tsaro da shari'a da hana zamba, sauran kuma ta koma gefe. Suna jingina da Adam Smith da ya yi rubutu kan arzikin ƙasashe a 1776, sai Friedrich Hayek da Milton Friedman, ɗaya ya ci kyautar Nobel a 1974 ɗayan a 1976. Wanda ya fi tashe a cikinsu yanzu Javier Milei ne, da ya hau mulkin Ajantina a Disamba 2023, shi ne mai zuwa kamfen riƙe da injin yankan katako wai zai daddatse ma'aikatun gwamnati.

Babbar hujjarsu kai ka fi ni saninta, suna ne kawai ba ka sa mata ba. Lokacin da sabuwar albasa ta fito buhu sai ya faɗi warwas, tsakiyar damina kuma ya hau sama, to wa ya ba da wannan oda? Ba kowa. Farashin ne ke faɗa wa manomi ƙara shuka, ya ce maka adana ko saki. Hayek ya ce ba wani ma'aikaci da ke zaune a ofis a Yawunde da zai san abin da dillalai dubu suka sani a tsaye cikin rana, kuma in aka ƙayyade farashi ƙasa da na gaskiya kayan ɓacewa suke daga kan tebur su koma bayan shago. Wannan kam mun sha gani da idonmu.

Kuma kar yaron ya ɗauka Turawa suka fara. A Madina an taɓa tsadar kaya, sahabbai suka roƙi Manzon Allah (SAW) ya yanke farashi bai yanke ba, ya ce Allah ne mai sanya farashi. Ibn Khaldun ma tun 1377 ya rubuta cewa daula a farkonta haraji kaɗan take karɓa ta tara da yawa, in ta tsufa sai ta lafta haraji abin da ke shigowa ya ragu, don mutane sun karaya da nema. Sai dai addinin da ya bar farashi shi ne kuma ya haramta ɓoye abinci don ya yi tsada, ya hana tauye mudu, ya wajabta zakka, ka ga ba sakin linzami aka yi gaba ɗaya ba.

To Alhaji ga inda gizo ke saƙar. Kai ɓangaren da ya maka daɗi ka ji. Ɗan libatariyan na gaske ba shinge kaɗai zai cire ba, har tallafin mai zai cire, ya ce gwamnati ba ta da hurumin sayar maka da gazuwal, wato man dizal, ƙasa da kuɗinsa. Ka tuna Fabrairu 2023 da litar esansi, wato fetur, ta tashi daga sefa 630 zuwa 730, bayan shekara ɗaya ta koma 840, ai rage tallafi ne, kuma na tabbata ba guɗa ka yi ba da direban kamiyo ya ƙara maka kuɗin lodi. Ga kuma 29 ga Mayu 2023 da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi a Najeriya, kafin a ce kwabo kwalbar zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake tsallako da shi daga Najeriya ta bayan fage, ta yi tsalle a Garwa da Marwa, 'yan moto suka shiga uku. Ashe arhar da muke mora shekara da shekaru ba kyautar kasuwa ba ce, baitulmalin maƙwabta ne ke biya, mu muna sha a ɓagas.

Ni a nawa ganin suna da gaskiya kan shingaye da tulin takardu. Kuɗin da aka karɓa a bakin hanya ba rasit ma ba haraji ba ne, sunansa daban ne, kuma a ƙarshe matar da ta zo sayen albasar miya a Duwala ita ke biya. Haka TVA, harajin da ake ɗorawa kan kuɗin kaya, na 19.25 cikin ɗari, ba ƙaramin abu ba ne ga mai ƙaramin jari. Amma cewa duk haraji ƙwace ne, nan na sauka daga motarsu. Wanda ya taɓa bin hanyar Mora zuwa Kuseri da damina, ya ga tirela ta kafe a taɓo kaya na ruɓewa a ciki, ba zai ce gwamnati ta yi yawa a wurin ba, nemanta ake ruwa a jallo. Ga matsalar tsaro a kan iyaka, wane ɗan kasuwa ne zai ɗauki nauyin wannan shi kaɗai? Tamu gwamnatin tana nan daram inda ake karɓa, inda ake aiki kuma sai ka yi cigiya.

Su kan ce a ba kamfani hanyar ya gyara ya riƙa karɓar kuɗin wucewa. Daga Duwala zuwa Yawunde wataƙila a samu mai so, motoci ba sa yankewa. Kafin yaron ya koma makaranta ka tambaye shi wane kamfani ne zai zuba kwalta zuwa ƙauyen da kake sayo albasa, in ya ba ka amsa ka turo mana mu buga a fitowa ta gaba.