Ɗana ya isa shiga makaranta a Guangzhou amma ba shi da hukou

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne daga Kano, shekarata tara a Guangzhou. Matata 'yar Chana ce, a masallaci aka ɗaura mana aure, ba mu yi rajistar gwamnati ba. Ɗanmu ya cika shekara shida, makaranta ta ce sai mun kawo hukou ɗinsa, wato rajistarsa a littafin iyali na gwamnati, shi kuwa ba a taɓa yi masa ba. Wani ejan a unguwar Xiaobei ya ce in kawo yuan 30,000 ya samo masa sabuwar takardar haihuwa da sunan wani ɗan ƙasa a matsayin uba, wai tarar gwamnati ta fi haka. Ga bizata ta ƙare. Barci ya gagare ni. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, ko sisi kada ka ba mutumin nan.

Sashe na 4 na dokar zama ɗan ƙasa ta 1980 ya ce duk wanda aka haifa a Chana, muddin ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne. Ɗanka na da haƙƙin shiga littafin iyalin mahaifiyarsa. Ita za ta je ofishin 'yan sandan garin da hukou ɗinta yake, da takardar haihuwar da asibiti ya bayar, da littafin iyalinta, da katin shaidarta, da bayani a rubuce cewa an haife shi ba a cikin aure mai rajista ba. In takardar asibiti ce babu, a yi gwajin DNA a cibiyar da hukuma ta amince da ita.

Sai batun tarar nan da na gaji da jinsa. Kusan kullum sai wani ya zo mini da shi, har rantsuwa suke yi cewa wani a kasuwar Sanyuanli ya tabbatar musu. Da can gaskiya ne. A zamanin dokar ɗa ɗaya, jami'ai kan ƙi yi wa yaro rajista sai an biya tarar haihuwa ba izini, kuma hakan na cikin manyan dalilan da ƙidayar 2010 ta gano mutum kusan miliyan 13 da ba su cikin littafin kowa. Ba makaranta, ba inshorar asibiti, ba katin shaida. Tun 2012 ko tikitin jirgin ƙasa ba a yanka sai da shi. Amma a Janairun 2016 majalisar gudanarwar ƙasar ta fitar da umarnin haramta gindaya kowane sharaɗi kafin rajista, ta jera rukuni 8 na marasa hukou, ciki har da ɗan da 'yar ƙasa ta haifa da baƙo ba tare da aure mai rajista ba. Wato ɗanka sak. A 2021 kuma aka soke tarar ɗungurungum. To wace tara ce ta fi yuan 30,000? Da tsohon labari ejan yake cin abinci, ya san kai tsoron 'yan sanda ba zai bari ka je ka tambaya ba.

Ka dubi abin da yake so ya sayar maka. A rubuta sunan wani ƙato a gurbin uba, ka biya kuɗi a yanke nasabar ɗanka! A Musulunci ka san hukuncin jingina ɗa ga wanda ba ubansa ba. A dokar ƙasar kuwa, ranar da ka so tafiya da shi Kano, ko maganar gado ta taso, ba ka da takardar da ke cewa naka ne. Kuma ramin ƙarya ƙurarre ne: a Nuwamban 2023 aka kama shugabar wani asibiti a Xiangyang ta lardin Hubei kan sayar da takardun haihuwa. In asirin takardar ya tonu a soke ta, rajistar da aka gina a kanta ta rushe, matarka da ta sa hannu ta shiga hannun hukuma. Shi ejan ya sauya lambarsa ta manhajar hira ta WeChat ya nemi wani.

Kada kuma ka yi gaggawar yi masa fasfon Najeriya. Chana ba ta yarda da zama ɗan ƙasa biyu ba, kuma umarnin 2016 ya shafi yaron da bai karɓi na wata ƙasa ba ne. Ku zauna da uwarsa ku yanke inda zai girma kafin ku taɓa wannan.

Bizarka matsalarka ce, ba ta yaron ba. Tarar wuce wa'adi yuan 500 ce a kowace rana, ba ta haura 10,000, ko tsarewar kwana 5 zuwa 15, kuma ana iya mayar da kai gida a hana ka dawowa na wasu shekaru. Ka nemi lauya mai lasisi kafin ka miƙa kanka.

In hukou ɗin matarka na wani lardi ne, samun gurbi a makarantar gwamnati a Guangzhou sai ta hanyar tara maki da katin zamanta na birnin. A watan Satumba ake buɗe makarantu, don haka ta yanki tikitin garinsu a makon nan.