Neman asalin kaka a Ailan: me za a saya, me za a samu kyauta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Boston, mijina Ba'amurke ne. Danginsa sun ce kakan babansa ɗan Katolika ne da ya taso daga Ailan wajen 1890, amma ban da sunansa ba su san komai ba. Yaranmu sun fara tambaya. Ta wajena ina iya lissafa musu kakanni har Katsina, ta wajen ubansu kuwa shiru. Mu biya shafin binciken asali na Ancestry ne, ko mu sayi gwajin DNA, ko mu ɗauki mai bincike a Dublin?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raya yaran. Shawarata ita ce kada ki kashe ko sisi a ɓangaren Ailan tukuna, domin abin da kike nema yana nan Amurka kusa da ke.

Suna kaɗai ba ya kai mutum ko'ina a Ailan. Idan sunan gidansu Murphy ne ko Kelly, kamar a ce ki shiga Kano neman wani Malam Musa ne. 'Yan Ailan ma suna yi wa kakanni takwara, don haka a ƙauye ɗaya sai ki tarar da mutum huɗu masu suna iri ɗaya. Abin da ke raba gardama shi ne sunan iyayensa da ɗan yankin da aka haife shi, wanda suke kira townland. Akwai irinsu sama da 60,000, wani bai wuce gonaki kaɗan ba.

Ki fara da tsofaffin dangin mijinki, ki roƙe su su buɗe akwatunansu: wasiƙu, bayan hotuna, takardun jana'iza. Daga nan ki nemi takardar aurensa da ta mutuwarsa a jihar da ya zauna, don sau da yawa a nan ake rubuta sunan uba da na uwa. Ki je maƙabartar da aka binne shi, domin 'yan Ailan da yawa sun sa an sassaƙa sunan garinsu a jikin dutsen kabari. Jaridar Boston Pilot ma ta yi shekara 90, daga 1831 zuwa 1921, tana buga cigiyar 'yan'uwan da suka ɓace wa juna bayan ƙaura, kuma masu cigiyar kan faɗi ƙauyensu. Kada ki dogara da takardar jirgin ruwa. Na wancan lokacin galibi ƙasa kawai suke ambata.

In kin samu sunan wurin, sai ki tsallaka zuwa takardun Ailan. Za ki ji ana cewa duk takardun Ailan sun ƙone. An yi gobarar da gaske: a watan Yunin 1922, farkon yaƙin basasa, ma'ajiyar takardun gwamnati da ke harabar kotuna ta Four Courts a Dublin ta ƙone, ƙidayar jama'a ta 1821 zuwa 1851 ta tafi sai ɗan abin da ba a rasa ba. Amma ƙidayar 1901 da ta 1911 suna nan, kyauta a shafin ma'ajiyar tarihi ta ƙasar, kuma a ciki za ki iya ganin iyaye ko ƙannen da ya bari a gida. Rajistar haihuwa ta gwamnati ta fara a 1864, ita ma ba ta ƙone ba, ana duba ta kyauta a irishgenealogy.ie. Wanda ya yi ƙaura yana saurayi a 1890, da alama haihuwarsa ta faɗa ciki. Littattafan cocin Katolika kuma, har zuwa wajen 1880, babban ɗakin karatu na ƙasar ya sa hotunansu a intanet tun 2015. Sai dai da yawa da Latin aka rubuta su, James ya koma Jacobus, William ya koma Gulielmus.

Ancestry ko Findmypast, wani shafin irinsa, suna da amfani wajen saurin lalubo suna, amma ki biya na wata ɗaya kawai, bayan kin tanadi tambayoyinki, kuma ki kashe sabuntawar da ke cirar kuɗi da kanta. Gwajin DNA ba zai faɗa muku ƙauye ba. Amfaninsa shi ne ya haɗa ku da dangi na nesa waɗanda wataƙila sun riƙe sunan ƙauyen da ku kuka manta. In za a yi, a gwada wanda ya fi kowa tsufa a gidan, da yardarsa. Mai bincike kuwa sai kin kai bango, kuma ki sa ya rubuta miki abin da zai duba da kuɗinsa kafin ya fara.

Tambaya: Ina Manchester. An haifi kakar matata a Belfast. Shin matata za ta iya samun fasfon Ailan, kuma sai mun biya dillali?

Amsa: Malam, za ta iya nema. Dokar ta shafi duk wanda aka haifi kakansa ko kakarsa a tsibirin, har da Arewacin Ailan da ke ƙarƙashin Birtaniya, inda Belfast take. Za ta fara shiga rajistar waɗanda aka haifa a waje, Foreign Births Register, ta hannun ma'aikatar harkokin wajen Ailan, sannan ta nemi fasfo. Ba na ganin buƙatar dillali, da kanta za ta cike a intanet. Kuɗinku ya tafi kan takardun asali na haihuwa da aure na kakar, da na mahaifi ko mahaifiyar da ta biyo ta kansa, da nata, don ba a karɓar abin da aka buga daga shafukan bincike. Ta kakar a ofishin rajista na Belfast za ku nema. Kuma in kuna sa ran haihuwa, ta gaggauta, domin yaran da aka haifa bayan ta shiga rajistar ne kaɗai za su iya gadon wannan haƙƙi ta wajenta.